Amsa ga ɗalibin Samaru da yake koyon zanen katun da animeshon

Wani ƙanenmu ɗalibi a ABU, ɗan aji biyu a ɓangaren zane-zane, ya turo min tambaya yace ya kusa shekara yana koyon zanen 'yan katun da animeshon, wato sa zane yayi motsi, ta YouTube amma abu uku sun tsaya masa a rai. Duk wanda ya zana sai ya fito ɗan anime, wato katun irin na Japan, da aka ɗora wa hula, fuskar karakta ɗinsa kuma bata zama ɗaya, a wannan shafin daban a wancan daban, sannan in yazo motsa shi sai ya riƙa tafiya a sandare babu rai. Yana so yasan ko rashin tabilet mai sikirin da laftof mai ƙarfi ne ya jawo, ya tara kuɗi ya saya ko yaya.

Toh ƙanena, ka riƙe kuɗinka tukuna. Cikin ukun nan da ka lissafa babu ko ɗaya da tabilet zai gyara maka, in ka saya ma abinda zai faru shine ɗan animen nan mai hula zai fito da layi mai santsi, shikenan. Matsalar tana ido ne da hannu, kuma wannan albishir ne domin maganinta littafin zane ne da biro, kuma kana zaune a garin da wallahi babu kamarsa wajen wannan karatun.

Hannu baya fitar da abinda ido bai ci ba. Ka shekara kana kallon yadda masu zane na Japan da Amurka suke taƙaita fuskokin mutanensu, manyan idanu, ɗan ɗigon hanci, haɓa mai tsini, gashi mai tashi, su sun kalli nasu mutanen ne suka taƙaita, kai kuma ka ɗauko taƙaitawar tasu kana so ka saka mata Malam Tanko mai shayi a ciki, ba zai shiga ba. Kuma wannan ba sabuwar damuwa bace a Zariya. A 1958, tun makarantar tana kwalejin fasaha kafin ta zama ABU a 1962, wasu ɗalibai irinka suka kafa ƙungiyar da ake kira Zaria Art Society, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, malamansu Turawa suna koya musu zane irin na makarantun Ingila su kuma suka ce zasu karɓi ƙwarewar amma abinda zasu zana da salon da zasu bi daga gida zai fito. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen gargajiya na Inyamurai, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Basu watsar da karatun ba, wannan shine abinda nake so ka lura dashi, sun koyi ƙirar jiki da haske da inuwa yadda ya kamata sannan suka juya suka kalli gida. Kai ma ka cigaba da kallon darussanka na YouTube, amma duk awa ɗaya da ka bawa sikirin ka bawa titi awa biyu.

Ka samu littafi ƙarami da zai shiga aljihu, ka yi da biro ba fensir ba saboda kar ka riƙa gogewa, ka zauna a bakin get ko kasuwar Samaru ko tashar mota, wajen mai shayi da asuba, wajen masu faci, ka riƙa zana mutane cikin sakan 30 zuwa minti 2. Ba fuska zaka fara ba, ba ido ba, layi ɗaya na kashin baya, ina nauyin jikin ya sauka, a wace ƙafa, kafaɗa ta karkata ina ƙugu ya karkata ina. Zanen zai yi muni, na kowa muni yake a wannan matakin, ba don nunawa ake yinsa ba. Abinda kake tarawa shine yadda ɗan acaɓa yake kwantawa a kan babur yana jiran fasinja, yadda dattijo yake goya hannu a baya da carbi, yadda yarinya mai talla take tsayar da wuya cak saboda farantin dake kanta amma ƙugu na aiki, yadda almajiri yake rataye roba. Waɗannan babu su a darasin kowa a intanet. Ka kula da mutunci dai, kar ka tsura wa matar aure ido a kasuwa kana zane, mata ka zana na gida, ƙannenka da gwaggonninka a tsakar gida suna daka ko tsintar shinkafa, kuma in wani ya tambaye ka ka nuna masa littafin, yawanci dariya zasu yi su ce ka zana su da kyau.

Inda nafi so ka daɗe shine tufafi, domin nan ne namu ya bambanta da duk abinda ake koyarwa. Darussan waje kusan duk sun ginu ne akan kaya masu bin jiki, riga da wando, kana ganin gwiwa kana ganin gwiwar hannu. Mu kuma babbar riga da hijabi da lafaya da zani suna rufe jikin gaba ɗaya, sai ɗalibi ya ji daɗi yace ai na huta da koyon ƙirar jiki, ya zana buhu ya ɗora masa kai. Nan ne sandarewar take farawa. Dole ka fara zana jikin a ciki, ko da sanduna ne da 'yan akwatuna, sannan ka rataya masa rigar, saboda yadi yana saukowa ne daga inda ya ratayu, kafaɗa, gwiwar hannu in an lanƙwasa, gwiwa in an tako, tumbi in akwai. Duk wata ninkewa daga waɗannan wuraren take tasowa. Kuma yadi ba ɗaya bane, shaddar da ta sha bugu tana tsayawa ƙyam, ninkewarta mai kusurwa ce kuma tana sheƙi, boyel yana zubowa yana bin iska, atamfa sabuwa daban da wadda taga wanki goma, hijabin roba yana mannewa a kafaɗa ya faɗi a miƙe. Ka aro babbar rigar babanka ka saka wa abokinka a hostel yayi ta tafiya yana saɓa ta a kafaɗa kana ɗauka a waya, ka tsayar da bidiyon firam bayan firam, wato hoto ɗaya bayan ɗaya, ka zana. Wannan saɓa rigar da maza suke yi, hannu ya ɗaga ya tattaro ya jefa a kafaɗa, motsi ne da in ka iya shi a katun duk Bahaushen da ya gani zai gane nasa ne tun kafin karakta ya buɗe baki.

Sannan kaya suna magana. Rawani mai kunnuwa biyu ba na kowa bane, na gidan sarauta ne, na malami daban yake naɗuwa, dogari ja da kore ne, hular zanna da kube da dara da haɓar kada kowacce tana gaya maka wani abu game da mai ita, har yadda aka karya hular ko aka tura ta ƙeya. Cikin birnin Zariya an san shi da ɗinkin hannu, kaje ka zauna wajen masu ɗinkin ka ga aska biyu da aska takwas da idonka, ka tsaya ƙofar fada ka kalli adon bango, ka shiga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19 ka ga yadda bakan gizo suke haɗuwa a sama. In sallah tazo ka fita kallon hawa da littafinka, 'yan lifidi da masu algaita da kakaki kaɗai sun isheka karakta na shekara guda.

Batun fuska da take canzawa, dalilinsa shine kana zana karakta ɗinka daga waje, kana kwaikwayon layukan zanen jiya. Ka gina shi daga siffofi masu sauƙi da zaka iya juyawa a ƙwaƙwalwa, kai ƙwallo ne ko ƙwai ko tulu, ka ja layi a tsakiyar fuska daga sama zuwa ƙasa ka ja wani a kwance inda idanu zasu zauna, duk inda kan ya juya layukan nan suna juyawa dashi. Ka auna tsayinsa da kansa, babban mutum a zahiri kai 7 ne zuwa 8, yaro ƙarami bai kai haka ba, a katun zaka iya mayar dashi kai 3 ko 4, amma duk wanda ka zaɓa ka rubuta shi ka tsaya akai. Sai ka yi masa takardar juyi, ka ja layuka a kwance a takarda ɗaya, na saman kai, na ido, na haɓa, na kafaɗa, na ƙugu, na ƙasa, ka zana shi ta gaba, ta rabi da kwata, ta gefe, ta baya, duk akan layukan nan. Sai wata takardar ta yanayin fuska, fushi, kunya, mamaki, dariya, harara, tsaki. Kar ka manta da tsaki da harara don Allah, da yatsina fuska, rabin wasan kwaikwayonmu a nan yake. Waɗannan takardun biyu ka manna su a gabanka duk lokacin da kake aiki, haka ake yi a kowane situdiyo, shi yasa mutum hamsin suke zana karakta ɗaya kuma ya fito ɗaya.

Kafin ka yarda da karakta ka cike shi da baƙi gaba ɗaya ya zama inuwa kawai, ka nuna wa ƙaninka na firamare, in bai iya bambance mai shayi da liman da ɗan sanda ba toh da saura. Kuma ka rage ado. Aikin ɗinkin da ka kwashe awa biyu kana zanawa a gaban riga yana da kyau a hoto ɗaya, amma in zaka motsa shi sai ka sake zana shi sau ɗaruruwa, don haka ka taƙaita shi zuwa layi uku ko huɗu da zasu nuna akwai aiki. In kana neman inda zaka gwada hannu ka ɗauki Gizo da Ƙoƙi da Botorami, kowa ya san halinsu amma babu wata siffa ɗaya da aka tsayar musu, filin a buɗe yake. Ka tambayi kanka Gizon naka gizo-gizo ne mai ƙafa takwas ko mutum ne siriri mai dogayen gaɓoɓi, wayonsa a ina yake fitowa, a ido ne ko a yatsu, kuma tsamin bakinsa ya zai shafi siffar bakin.

Yanzu motsi. Ka fara sanin lissafin don kar ka ɗaukar wa kanka abinda zai karya ka. Fim yana tafiya ne akan firam 24 a sakan ɗaya, yawancin katun na hannu ana barin kowane zane ya zauna firam biyu, wato zane 12 a sakan, na talabijin ɗin Japan da kake so sau da yawa zane 8 ne a sakan har da tsayar da hoto ana motsa baki kawai. Kenan akan zane 12, sakan 30 zane 360 ne, minti 5 kuma zane 3,600. Na sha ganin ɗalibai sun tashi da labarin minti goma da yaƙi da dawaki a matsayin aikinsu na farko, su yi wata uku su gaji su ce animeshon ba nasu bane, abin yana min ciwo domin da yawansu suna da hannu, lissafin ne babu wanda ya yi musu.

Ka fara da ƙwallo mai tsalle, kar ka raina ta. A cikinta zaka gane abu biyun da komai ya rataya akai, yawan firam ɗin da motsi ya ci, da kuma tazarar dake tsakanin zane da zane. In zanuka sun matsu kusa da juna abu yana tafiya a hankali, in sun yi nisa yana gudu. Ƙwallo a sama tana rage gudu don haka zanuka su taru, tana faɗowa su ware, ta bugi ƙasa ta matse ta sake miƙewa. Sandarewar da kake gani a aikinka kusan kullum daga nan take, ka raba tazarar daidai wa daida daga farko zuwa ƙarshe, babu abu mai rai da yake motsi haka. Ka yi ƙwallon roba, ka yi dutse, ka yi balan-balan da siffa ɗaya, bambancin ya fito daga tazara kawai. Ƙa'idojin animeshon 12 ɗin nan da kake ji ana faɗa, tsofaffin masu zanen Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, su suka tattara su a littafinsu na 1981, ba sai ka haddace su ba, amma biyu daga ciki ka riƙe su tun yanzu. Na farko shiri kafin motsi, Hausawa ma sun riga sun faɗa, ja da baya ga rago ba tsoro bane, duk wanda zai yi tsalle sai ya durƙusa, wanda zai jefa dutse sai hannu ya koma baya, in ka cire wannan ido baya gane me ya faru. Na biyu, abinda ya ratayu baya tsayawa tare da jiki, mutum ya tsaya amma bakin rigarsa da jelar rawaninsa da gefen mayafi sai sun wuce kaɗan sannan su dawo, firam biyu zuwa huɗu a baya. Ga mai zana mutanenmu wannan ƙa'idar itace jari.

Tafiya tana da tsayuwa huɗu a kowane taku, lokacin da dunduniya ta taɓa ƙasa, sai jiki ya sauka ya karɓi nauyi, sai ƙafar baya ta wuce ta gaba, sai jiki ya ɗaga sama. Taku ɗaya na tafiyar yau da kullum firam 12 ne, mai yanga ko yawon shan iska 16, tsoho ko gajiyayye wajen 20, gudu 6 zuwa 8. Kai yana hawa yana sauka, in ka bar shi a layi ɗaya sai mutum ya zama yana zamewa. In ka iya wannan sai ka bar ta littafi ka dawo ta gida, tafiyar basarake da ake cewa takawa sannu, tafiyar mai turin baro, tafiyar amarya. Kuma kullum ka fara da manyan tsayuwar, ka kalle su su kaɗai ka tabbata labarin ya fito, sannan ka cike tsakani, tsabtace layi da kala sai ƙarshe.

Akwai abu ɗaya da ba zaka samu a darasin waje ba, motsin baki da Hausa. Ka fara naɗar murya tukuna, ko da waya ce a ɗaki mai katifa da labule bayan an kashe fanka, ka gyara ta a manhajar gyaran sauti ta Audacity, sannan ka zana akai. Jadawalin bakin da zaka sauke a intanet yana da siffar F inda haƙoran sama suke cizon leɓen ƙasa, mu kuma yawancinmu F ɗinmu da leɓe biyu muke yinta, ka duba madubi kace fara ko faifai ka gani, don haka in ka saka waccan sai karakta ya zama kamar an yi masa fassara. M da B da Ɓ baki a rufe, ka bar su aƙalla firam biyu ko ido bazai kama ba, dogon wasali kuma ka bar bakin a buɗe ya daɗe. Siffa shida zuwa takwas sun ishe ka.

Zanen littafi ko fasta shi kuma hoto ɗaya ne zai ɗauki labarin duka, ka yi 'yan ƙananan gwaji girman akwatin ashana kamar goma kafin ka zaɓi ɗaya, da kala uku kacal, fari da toka da baƙi, in bai karantu a haka ba kala bazata cece shi ba. Fatarmu kar ka yi ta da ruwan ƙasa ɗaya ka ƙara baƙi don inuwa, tana mutuwa, baƙar fata tana ɗaukar hasken abinda ke kewaye da ita, shuɗin sama a goshi da kumatu, jan ƙasa a ƙarƙashin haɓa, kuma mutanen gida ɗaya ma ba kalarsu ɗaya ba. Ka lura da hasken hunturu da ƙura ta dushe komai da na damina da ganye yake sheƙi. In aikin na bugawa ne ka buɗe fayil a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ka bar milimita 3 a gefe saboda yanka, ka duba shi a CMYK, tsarin kalar injin buga takarda, domin shuɗi da kore masu ƙyalli na sikirin basa fitowa haka a takarda, ka bar wa rubutu wuri tun farko. Font, wato salon harufa, da yawa basu da ƙ da ɗ da ɓ, sai kaga akwati ya fito a tsakiyar kalma, font ɗin da ake kira Andika tana dasu kuma don masu koyon karatu aka yi ta.

Kayan aiki kuwa, FlipaClip da ibisPaint a wayarka sun isa duk atisayen da na faɗa. A laftof Krita kyauta ce kuma tana zane tana animeshon, Pencil2D ma kyauta ce kuma bata da nauyi, Blender da Grease Pencil, kayan zanen dake cikinsa, sai ka ɗan yi ƙarfi. In laftof ɗin tana nishi ka rage girman aikin zuwa 1280 da 720 ka raba shi gunduwa-gunduwa. In kuɗi sun samu ka sayi ƙaramin tabilet marar sikirin na Huion ko XP-Pen ko Wacom, da yawansu suna aiki da waya ta OTG, ɗan mahaɗin nan da ake sokawa a waya, sati biyu hannu zai saba, ragowar kuɗin ka sayi fawa bank da filas, ka riƙa ajiye aiki wuri biyu kuma ka kunna ajiyar kai-tsaye saboda NEPA.

Nasan kuma wani a gida ko a masallaci zai tayar maka da maganar zana abu mai rai. Magana ce ta gaske kar ka yi mata dariya, malamai sun yi bayani akai kuma akwai saɓani a tsakaninsu, musamman kan abinda aka yi don koyar da yara, ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka nuna masa ainihin abinda kake yi da manufarsa ka ji ta bakinsa, zuciyarka ta natsu kafin ka yi nisa.

Ga aikin da zan baka na wannan hutun. Sakan 15, mutum biyu, waje ɗaya. Saurayi ya shigo zaure ya tarar da dattijo a zaune a kan buzu, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi, dattijon ya ɗago kai ya amsa. Zane 180 ne in ka cika, kuma bazai kai ba tunda akwai wuraren tsayawa. A ciki akwai tafiya, akwai saukar nauyi, akwai riga da take biyo baya, akwai sunkuyar da ido, akwai ina kwana Baba da lafiya lau ɗan nan. Ka yi takardun juyi na su biyun, ka zana sitoribod, wato jerin hotunan dake nuna yadda labarin zai tafi, na hoto shida zuwa takwas, ka naɗi muryar, ka ɗauki abokanka biyu a bidiyo suna yi, sannan ka fara. In ka gama ka kai wa malaminka na zane da 'yan ajinku kace su faɗa maka inda ya sandare, ka nuna wa wata tsohuwa a gidanku ma domin ita zata gaya maka in durƙuson bai yi ba. Wannan gajeren da takardunsa da shafuka goma mafi kyau na littafin aljihunka su zaka fara nunawa masu buga littattafan yara da ƙungiyoyin da suke neman saƙon lafiya da Hausa da masu tashar tatsuniya a YouTube. Ranar da wani ya kira ka aiki, ku rubuta tsawonsa da sakan, ku rubuta gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, ka karɓi rabi kafin ka fara, kuma kar ka tura cikakken fayil sai ragowar ta shigo.